Doña Petronila da Ƙafafun Paloma

Matso kusa, ja kujera ka zauna. In ka bar wani abu a kan wuta, je ka sauke ka dawo, don labarin Doña Petronila ba a jin sa da rabin kunne.

A ƙauyenmu, Loma del Tejocote, in ka ce Petronila kawai sai a tambaye ka wacce, domin uku ne. Amma in ka ce mai allura, kowa zai nuna maka gidan ƙarshe kafin hanya ta shige dajin dogayen itatuwan oyamel, mai katangar katako da tukwanen furanni a jere. Gajeruwar mace ce mai kitso biyu har gadon baya, da bakin da ba ya barin magana ta kwana. Shekararta sittin da ɗaya lokacin da abin nan ya faru, kuma arba'in daga ciki ta yi su ne tana ɗinka abu guda: malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙin zane, wanda ke sauka a dutsenmu duk shekara in masara ta nuna, ya lulluɓe itatuwa har rassa su sunkuya. Mu dai paloma muke cewa.

Ba a kan dutse aka haife ta ba. 'Yar gangare ce, can ƙasar zafi inda ake noman rake da mangwaro. A bakin rafin garinsu akwai wani tsiro mai fure ja da rawaya, ɗan'uwan tumfafiya, in ka karya ganyensa sai farin nono ya ɓulɓulo. Akuya ba ta ci, jaki ba ya ko shinshinawa. Tun tana ƙarama, in an aike ta ɗebo ruwa, a gindin tsiron nan take mantuwa, ta tsuguna tana kallon tsutsotsi masu zane fari da baƙi da rawaya suna cinye ganyen da kowa ke gudu. Ta sha bulala a kan wannan. Amma kafin ta kai shekara takwas ta san abin da manyan garin ba su damu su sani ba. Ta san tsutsar iri biyu ce. Ɗaya ƙahoninta huɗu, biyu gaba biyu baya. Ɗaya kuma shida, da ƙarin biyu a gadon baya. Dukansu in sun ƙoshi sai su rataye kansu a cikin wani ɗan koren kwanso mai ɗigon zinariya. Mai huɗu ta fito da ruwan lemo da baƙin zane. Mai shida ta fito da ruwan ƙasa mai duhu, da fararen ɗigo kamar an yayyafa mata gishiri. Kaji kuwa ba sa taɓa ko ɗaya, don ɗacin ganyen ya zauna a jikinsu.

Tana shekara tara babanta ya rasu, aka hau da ita dutse wurin gwaggonta, aka damƙa mata tumaki goma sha biyu. Makaranta kwana goma sha ɗaya ta yi a duk rayuwarta, kuma takan ce biyu daga ciki barci ta yi. A kakar farko da ta yi a nan, wata rana da hantsi ta ɗaga kai ta ga sama ta cika da abin da ta saba gani ɗaya-ɗaya a bakin rafi. Ta saki sandar kiwo ta zauna a ƙasa. Tumakin suka shiga gonar mutane, aka sake yi mata bulala.

Daga nan duk lokacin sanyi a cikin oyamel take kiwo. Ta koyi gane namiji da ɗan baƙin tabo a fiffiken baya, mace kuma da kaurin zanenta. Ta koyi cewa da sassafe, kafin rana ta taɓa su, ba sa iya tashi, sai dai su yi ta karkarwa kamar tsoho a bakin murhu.

Ta auri Melitón tana sha tara. Mai saran itace ne a lokacin, daga baya ya koma jan doki yana hawa da baƙi dutse. Dogo ne, mai surutu, mai son giyar pulque fiye da yadda likita ke so. Sun haifi bakwai, biyar suka rayu. Surukarta ce ta koya mata ɗinkin ado, irin na barewa da furanni da ake yi a bakin zane. Da baƙi suka fara zuwa kallon paloma, sai matan ƙauye suka koma ɗinka ta a kan ƙyallen rufe tortilla, wato wainar masararmu. Kowa a buɗe yake yin tasa, fiffike nan fiffike can, shimfiɗe kamar an bi ta kanta da dutsen guga. Petronila kaɗai ke yin tata daga gefe, zaune a kan reshe, fiffike a haɗe, ƙafafu sun riƙe ganye. Ƙafafu huɗu. In an yaba, amsarta ɗaya ce kullum: "Ni abin da ban gani ba, ba na ɗinka shi."

Babu gidan da babu ƙyallenta a Loma. Da shi ake rufe kwandon amarya, da shi ake riƙe jariri ranar baftisma.

To, a wata shekara, tun ba a san wayar hannu ba a nan, ƙungiyar mata masu ɗinki ta yanke shawarar yin babban zane da za a rataya a ƙofar hanyar daji ranar buɗe ta ga baƙi. Mata ashirin da biyu za su yi gefe-gefe, tsakiya kuwa ba a ma yi gardama ba, ta Petronila ce. Shugabar ƙungiyar ita ce Crescencia, wadda ake kira Chencha, kuma comadre ce a wurinta, don ita ta riƙe 'yarta ta uku a coci. Wata uku Petronila ta yi a kan paloma guda, mai girman buɗewar hannuwa biyu. Mace ta yi, mai kaurin zane.

A tsakiyar Oktoba aka shimfiɗa zanen a zauren taro, gari ya zo kallo. Cikin masu kallo har da Maestro Leobardo, malamin makarantar ƙauye, matashi ɗan birni mai tabarau, shekararsa biyu da zuwa. Kada ka ɗauka mugun mutum ne. Mai ladabi ne ƙwarai, sai dai in ya ga kuskure jikinsa ƙaiƙayi yake yi.

Ya daɗe tsaye, sannan ya juya wurin Petronila ya ce, "Doña Nila, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Sai dai ba a gama ba, ko?"

"Me ya rage, maestro?"

"Ƙafafu. Huɗu nake gani."

"Huɗu ka gani don huɗu ne."

"Ayya, doña. Kowane ƙwaro a duniya ƙafa shida gare shi. Ƙuda, zuma, tururuwa, fara, duk shida."

"Gizo-gizo fa?" in ji Melitón daga bakin ƙofa.

"Gizo-gizo ba ƙwaro ba ne, Don Melitón."

"Kai! Yau na ji sabo. To mene ne shi, ɗan tunkiya?"

Aka kwashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba, don an ga Petronila ba ta yi ba. Washegari maestro ya kawo littafi. Hoton da ke ciki daga sama aka ɗauke shi, fiffike a buɗe, ba a ganin ƙafa ko ɗaya. Amma rubutun ya ce shida, ya karanta wa mata sau biyu, yana bi da yatsa.

Da yamma Chencha ta zo gida da tulun atole mai zafi, wato kunun masara, alamar maganar da ta kawo mai nauyi ce.

"Comadre, ƙafa biyu ce fa kawai. Aikin rabin yini. Manya za su zo daga birni, da masu ɗaukar hoto. Kina so a tafi ana cewa mutanen Loma suna kwana suna tashi da paloma amma ba su san ƙafarta ba?"

"Abin da nake gudu ke nan, comadre."

"Ke kin fi littafi ne?"

"Littafin ya taɓa hawa dutsen nan?"

Chencha ta ajiye kofi. "Nila, ni na riƙe miki 'ya, ba zan yi miki ƙarya ba. Mata sun yi magana. Lahadin da ke bayan bikin matattu za mu zauna. In ba ki ƙara ba, za a ba Eulalia ta ƙara."

Eulalia! Wadda in ta ɗinka barewa sai an tambaye ta ko kare ne.

Ka gane abin da ke kan faifai? In wani hannu ya sa allura a tsakiyar zanen nan, to gari ya yanke hukunci ke nan cewa duk abin da Petronila ta ɗinka a shekara arba'in gurgu ne, kuma matar da ke cewa ba ta ɗinka sai abin da ta gani, ashe ko ƙirga ba ta iya ba. Tun ba a je ko'ina ba an fara. A wurin injin niƙa wata ta ce, "Doña Nila, jakina ma huɗu gare shi, ko in kawo a ƙara masa?" Wata kuma ta aiko da tsohon ƙyalle wai a yi masa gyara. Petronila ta wanke shi tas, ta ninke, ta mayar yadda ya zo.

Abin haushin shi ne, Oktoba ce. Babu paloma ko ɗaya a dutse, suna can a hanya daga arewa. Mai shaidarta bai iso ba.

Kwana uku tana juya abin. A na huɗu ta tashi Melitón da asuba.

"Tsoho, sa takalmi. Gangare za mu."

"Wa ya mutu?"

"Kai, in ka ƙara tambaya."

Suka shiga motar farko, awa huɗu ana gangara ana juyi, har suka isa gidan ƙanwarta Amparo, suna ta cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Ko zama ba ta yi ba ta nufi rafi. Tsiron yana nan, furensa ja da rawaya, kamar jiya ta bar shi. Ta yini tana nema, ba ta sami mai ruwan lemo ba. Mai ruwan ƙasa kaɗai ta samu. Ta lallaɓa ta sa ta a kwandon tortilla da reshen fure, ta rufe da ƙyalle, ta rungume kwandon a cinya har gida.

Washegari da aka tashi makaranta ta tare maestro a bakin aji, Chencha na tsaye. Ta ɗaga bakin ƙyallen.

"Ƙirga."

Ya sunkuya. "Huɗu," ya ce a hankali. Sai ya miƙe ya gyara tabarau. "Amma doña, wannan ai ba paloma ba ce. Dubi launinta."

"'Yar'uwarta ce. Ganye ɗaya suke ci, kwanso iri ɗaya suke shiga, kaza ba ta cin wannan ba ta cin waccan. Tsutsar wannan ƙahoni shida, ta waccan huɗu. Ɗaki daban, gida ɗaya."

"Kama daban, dangi daban. Kuma tafiyar awa huɗu a cikin kwando, wa ya sani ko biyu sun karye a hanya?"

Wannan ta yi mata ciwo fiye da ta wurin niƙa. Ta rufe kwandon ta juya. A gida ta miƙa wa Melitón.

"Gobe ka mayar da ita."

"In mayar da wa?"

"Ita. Sanyin nan kashe ta zai yi. Ni na ɗauko ta daga gidansu, ba ta yi wa kowa laifi ba."

"Nila, awa takwas a mota saboda ƙwaro?"

"In kana can Amparo za ta ba ka mangwaro."

Ya tafi, yana gaya wa duk wanda ke cikin motar cewa shekara arba'in da biyu da aure bai taɓa raka baƙo mai nisa haka ba.

Sai jira. Kullum da azahar Petronila na bakin katanga, hannu a goshi, tana duban arewa. Oktoba ta ƙare, shiru. Eulalia ta sayi baƙin zare a kasuwa, kuma ta tabbatar kowa ya gani. Ranar bikin matattu, ana maƙabarta ana share kaburbura ana jera furanni, sai wani ya nuna sama. Ɗaya. Can sama sosai, tana lilo. Sai uku. Sai ba a iya ƙirgawa. Mutane suna gicciye fuska suna yi wa iyayensu maraba, don a nan mun yarda matattunmu ne ke dawowa a siffar paloma, Petronila kuwa, Allah ya yafe mata, a ranar ba iyayenta take tunani ba.

Ranar Juma'a masu kiwo suka ce sun fara taruwa a itatuwan saman tudu. Asabar, gari na wayewa, Petronila ta buga ƙofar maestro.

"Sa rigar sanyi biyu. Littafinka ma ɗauko shi, ya sha iska."

Suka hau: ita a gaba, Chencha, maestro, Melitón da dokinsa, da wasu mata shida da suka ce wai itacen wuta za su ɗebo. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ba a yi rabin hanya ba maestro ya fara haki, fuskarsa ta yi fari.

"Hau doki, maestro," in ji Melitón. "Kada ka ji tsoro, shi huɗu gare shi, na ƙirga da safe."

A saman tudu rana ba ta shigo ba tukuna. Rassan oyamel sun yi nauyi da wasu dunƙule-dunƙule masu launin busasshen ganye, babu motsi. Petronila ta bi ƙananan ciyayi a hankali, tana duban inda za ta taka, har ta sami ɗaya da ta faɗo tana riƙe da kara. Ta miƙa yatsa. Paloma ta taka, ta hau, ta tsaya, fiffike a haɗe, tana ɗan rawar sanyi.

"Ga ta, maestro. Ba ta shiga kwando ba, ba ta shiga mota ba. Ƙirga da ƙarfi, comadre ba ta ji sosai."

"Ɗaya. Biyu. Uku." Ya leƙa ta ɗaya gefen. "Huɗu."

Ta samo wata, namiji. Huɗu. Matan itace suka watsu suna nemowa, kowa da tata a kan yatsa ko bakin mayafi. Goma sha huɗu aka ƙirga, babu mai tsayawa a kan shida. Chencha ta rufe baki da mayafi. Maestro ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Da a nan labarin ya ƙare, da ya fi sauƙin bayarwa. Amma na gaya maka mutumin nan jikinsa ƙaiƙayi yake. Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan gilashi mai mariƙi, irin mai ƙara girman abu, ya kai shi daf da palomar da ke yatsan Petronila. Ya daɗe. Aka ga kunnuwansa sun yi ja. Melitón ya rantse daga baya cewa ya ga mutumin yana shawara da kansa, ko ya mayar da gilashin aljihu ya yi shiru. Bai yi ihu ba dai. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Doña, don Allah ki duba nan. Ƙarƙashin kai, a jikin ƙirji."

Ta karɓa. Ba ta taɓa riƙe irinsa ba, sai da ya gyara mata hannu. Da farko baƙi da fararen ɗigo kawai ta gani. Sai ga su nan. 'Yan ƙanana biyu, naɗe a jikin ƙirji, masu gashi-gashi, kamar hannuwan jariri a cikin zani. Ba su kai ƙasa ba, ba su riƙe komai ba. Amma suna nan, da gaɓoɓinsu.

Shekara hamsin da 'yan kai tana kallon halittar nan, ba ta taɓa ganin su ba.

"To wa ya ci?" in ji Melitón.

"Rufe mana baki, tsoho."

Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. Matan suna jira su ga ko za ta yi musu, ko ta yi kuka. Ita kuwa hankalinta ya koma bakin rafi, tana 'yar shekara bakwai, tulu a gefe. Ta tuna yadda mace ke sauka a kan ganye, gabanta ya yi wani ɗan motsi da sauri, kafin ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai. In ganyen ba nata ba ne, ta yi motsin nan ta tashi. A da ta ɗauka rawar jiki ce.

"Ashe da su take ƙwanƙwasawa," ta ce.

"Na'am, doña?"

"Ganyen. Kafin ta saka ƙwai sai ta ƙwanƙwasa shi ta ji ko mai nonon nan ne. Na sha gani, ban san da me take yi ba. Da waɗannan ne. Ba na tafiya ba ne, maestro, na ɗanɗano ne."

Ya buɗe littafinsa ya juya shafi, ya juya wani. "Babu wannan a nan."

"To rubuta a gefe."

Ya kuwa rubuta, a tsaye, da fensir. Rana ta keto ta cikin rassa, ta sauka a kan yatsanta. Paloma ta buɗe fiffike, ta rufe, ta buɗe, ta tashi.

Suna sauka Petronila ta wuce zauren taro, ta naɗe zanen ta ɗora a kai. A bakin hanya ta miƙa wa maestro hannu. "Ara mini idon nan naka zuwa gobe." Ta yini a tsakar gida a cikin rana. Ta raba baƙin zare gida uku, ta ɗauki silin guda, ta ɗauko allurar da surukarta ta bar mata, wadda ba ta taɓawa sai aiki ya kai aiki.

Lahadi aka shimfiɗa zane, zaure ya cika har taga. Eulalia na gaba, allura soke a mayafi. Chencha ta tsaya daga nesa ta ƙanƙance ido.

"Comadre, ni fa har yanzu huɗu nake gani."

"Matso."

Ta matso. Ta ƙara matsowa har hancinta ya kusa taɓa zanen. "Wayyo ni. Ga su nan, a naɗe!"

"Mai wucewa zai ga huɗu, don a kan huɗu take tsayawa. Mai tsayawa ya duba zai ga shida. Akwai mai son ƙara wani abu?"

Ta faɗi haka ne tana duban Eulalia. Allurar ba ta fito daga mayafi ba.

Aka rataya zanen ranar buɗe hanya, kuma shekara goma sha ɗaya ana rataya shi kafin rana ta cinye launinsa. Bayan wata biyu maestro ya zo ƙofar gidanta, hula a hannu, da wasiƙa. Ashe ya rubuta wa wani tsohon malaminsa a jami'a yana tambaya. Amsar ta ce haka duk babban danginsu suke, da wannan naɗaɗɗun ƙafafun ma ake gane su. Mai ruwan ƙasa kuma da paloma, masana sun daɗe da sa su a gida ɗaya, sunan farko ɗaya suke amsawa.

"Na zo ba ki haƙuri a kan maganar kwando, doña."

"Melitón za ka ba, shi ya sha mota. Shigo ka ci tortilla."

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa, kuma ba wanda ya sa ta. Ƙyallayenta na shekara arba'in suna nan a gidajen mutane, kowanne da abin da ba ta gani ba a lokacin. Sai ta ɗauki allura da silin zare ta fara bi gida-gida. A ba ta kujera, a fito mata da na bikin aure da na baftisma, har da wanda ya koma tsumman goge tukunya, ta zauna ta ƙara musu 'yan biyun nan a ƙirji, ta sha atole, ta wuce gaba. Gidan matar nan mai jaki ta fara zuwa. Shekara tara tana wannan aikin, har idonta ya daina ganin kafar allura. Ba ta gama ba, don da yawa baƙi sun tafi da su ƙasashen da ba ta san sunansu ba, kuma wannan ya dame ta har ƙarshe. Amma a Loma, in ka ɗaga ƙyallen da ke kan kwandon tortilla ka kai shi wurin haske, za ka gan su, sabon zare a kan tsohon aiki.

Melitón har ya koma ga Allah yana cewa matarsa ce ta ci. Chencha takan ce maestro ne, amma sai in Petronila ba ta kusa. Maestro kuwa ya tsufa a nan, kuma duk shekara in ya zo darasin ƙwari sai ya rufe littafi ya hau da 'yan aji dutse da sassafe.

Kai fa da ka zauna ka ji, in gobe wani ya tare ka a hanya ya ce paloma ƙafa nawa gare ta, huɗu za ka ce masa ko shida?